Me ya sa ba a saki zakunan Khartum a dajin Dindir ba?

 

'Yan'uwa masu karatu, ɗalibanmu a nan Gedambaliya da sauran garuruwan jihar Gadarif sun sha yi mana wata tambaya game da zakunan da aka ceto daga Khartum. Suna cewa tun da ga gandun dajin Dindir nan kudu da mu, kuma har yau akwai zakuna a cikinsa, me ya hana a buɗe musu keji a can su kama gabansu? Don me za a ɗora zaki a jirgin sama a kai shi wata ƙasa, alhali mutane na neman motar gudun hijira ba su samu ba? Tambayar tana da kyau, kuma amsarta ta haɗa ilimin dabbobi da fiƙihu.

Ga yadda abin ya faru. A watan Janairun 2020 hotunan wasu zakuna biyar na gidan namun dajin Kurashi da ke Khartum suka bazu a Facebook, duk sun rame, ana ƙirga haƙarƙarinsu. Wani matashi mai suna Usman Salih ne ya ɗauki hotunan ya yi ta yekuwa a kawo ɗauki. Zakanya ɗaya ta mutu cikin kwanakin nan. Ƙungiyar Four Paws ta turo likitocin dabbobi ƙarƙashin Dakta Amir Khalil, ɗan ƙasar Masar, suka yi jinyar sauran. Jinyar dabbar da yunwa ta ci haka sai da lura, don idan aka cika mata ciki lokaci ɗaya tana iya mutuwa. Kaɗan-kaɗan ake ba ta nama, ana ƙara mata ruwa ta jijiya. Daga baya Usman ya buɗe cibiyar ceton dabbobi a Bagair, kudu da Khartum. Da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilun 2023, cibiyar ta samu kanta a tsakiyar wuta. A watan Nuwamba na shekarar aka kwashe dabbobi kusan 50, ciki har da zakuna 15, zuwa gandun Um Barona a Wad Madani. Ba su yi wata biyu ba dakarun RSF suka shiga Madani, abin da mu mutanen Gadarif ba ma bukatar a tuna mana, don mu muka tarbi waɗanda suka tsero. A farkon 2024 aka fitar da zakunan zuwa cibiyar Al-Ma'awa da ke Jodan, sannan aka wuce da 11 daga cikinsu zuwa Lionsrock a Afirka ta Kudu. Duka wuraren biyu fili ne mai faɗi da aka kewaye da waya. Za a ciyar da su a ciki har ƙarshen ransu, ba daji aka mayar da su ba.

Dalili na farko shi ne farauta koyonta ake yi. Allah ya ba ɗan zaki farce da haƙori, amma yadda ake laɓaɓawa ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, da yadda ake kauce wa ƙahon ɓauna, da yadda zakanyoyi ke raba aiki wata ta koro wata ta tare, duk a wurin uwa da danginta yake gani. Yakan kusa shekara biyu kafin ya iya riƙe kansa. Wanda ya tashi a kan siminti, ana jefo masa kaza matacciya, bai san ko ɗaya ba. Galibi ma ƙashinsa ba shi da ƙwari, saboda an raine shi da tsokar nama zalla ba ƙashi.

Na biyu shi ya fi tayar mana da hankali. Zakin daji yana tsoron ɗan Adam, kuma wannan tsoro rahama ce gare mu da shi. Wanda aka raina a hannu kuwa, a wurinsa mutum shi ne mai kawo abinci. Babban zaki yana bukatar nama kilo 5 zuwa 7 a kowace rana. Idan yunwa ta kama shi a Dindir, ya bi gwanki ya kasa, ina kuke zaton zai nufa? Zai nufi inda yake jin muryar mutane da kukan awaki, wato ƙauyukan bakin kogin Rahad, inda da yawa daga mazaunan 'yan'uwanmu Hausawa ne manoma da masunta. Ko dai ya kashe wani, ko a kashe shi, ko duka biyun. An gwada wannan a Kenya. George Adamson da matarsa Joy sun yi suna a duniya da zakanya Elsa, wadda suka raina tun 1956 suka mayar daji har ta haihu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a 1971 wani zaki da George ke koya wa zaman daji a Kora ya kashe ɗaya daga ma'aikatansa, dole ya harbe shi da hannunsa.

Sai kuma masu gida. Zakunan Dindir suna da iyakokinsu, kuma ba sa yi wa baƙo maraba. Idan baƙon ne ya fi ƙarfi, al'adar namijin da ya ƙwace garke ita ce ya kashe 'ya'yan da ya tarar. Ga cuta kuma. A 1994 wata cutar karnuka ta shiga Serengeti a Tanzaniya ta kashe zakuna wajen 1,000. Dabbar da ta yi shekaru a birni, karnuka da kyanwoyi na zagaya kejinta, ba a gaggawar haɗa ta da 'yan kaɗan da suka rage a daji.

Ba muna cewa ba a taɓa dacewa ba. A gabashin Rasha a 2012 an tsinci 'yar damisar nan mai zane-zane ta ƙasar sanyi, marainiya, sanyi ya cinye mata bakin wutsiya. Aka sa mata suna Zolushka. Asirin nasarar shi ne an hana ta sabo da mutum. Ta kamara ake kallonta, ana sako mata dabba mai rai ta kama da kanta, sai da aka tabbatar tana gudun mutane aka sake ta a gandun Bastak a 2013. A ƙarshen 2015 aka ɗauki hotonta da 'ya'ya biyu. To amma ita a daji aka haife ta, kuma irinta ita kaɗai take farauta, ba ta bukatar garke. A Ruwanda kuwa, da aka so mayar da zaki gandun Akagera a 2015, ba a je gidan namun daji ba. Zakunan daji bakwai aka kamo daga Afirka ta Kudu, aka sa musu abin wuya mai nuna inda suke, a gandun da aka riga aka yi masa shinge tsakaninsa da gonaki. Sun hayayyafa.

Yanzu mu duba ta fuskar addini. Kowa ya san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Wasu ɗalibai sun kafa hujja da shi cewa saki shi ne mafita. Amma a lura, kyanwar tana iya ciyar da kanta in an sake ta, kuma ba ta cutar da maƙwabci. Zakin keji ba haka yake ba, sakinsa cutarwa ce gare shi da kuma mutane, shari'a kuwa ba ta gusar da cuta da wata cutar. Saura hanya ɗaya ke nan, ciyarwa. Malaman Malikiyya sun wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan ba ta da wurin kiwo, in ya gaza a tilasta masa ya fitar da ita daga hannunsa zuwa ga wanda zai iya. A fahimtarmu abin da aka yi wa zakunan Khartum ke nan. Maganar cewa mutane sun fi cancanta da taimako gaskiya ce, ba ma jayayya. Sai dai kuɗin da aka kashe na masu ba da gudummawa ne don dabbobi, kuma barin zakuna 15 da yunwa a bakin gari lokacin yaƙi haɗari ne ga mutanen garin kansu.

Laifin yana can farko, ranar da aka ɗauke ɗan daga uwarsa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a tafiya, uwar ta zo tana ta fuffuka, Manzon Allah (SAW) ya nuna rashin yardarsa ya ce a mayar mata. Ɗan zaki ko na damisa kuwa ba ya zuwa kasuwa sai an shammaci uwarsa ko an kashe ta. Wannan ciniki tsoho ne a yankinmu. Tun shekarun 1860 dillalan Turawa ke sayen 'ya'yan namun daji a ƙasar Kassala, a kai su Suwakin a loda a jirgin ruwa zuwa Jamus. Yau mai saye yakan zama mai kuɗi ne da ke son a ga zaki a gidansa, shekara ɗaya ya gagare shi.

Sannan ko zakin ya cancanci saki, sai da dajin da za a sake shi. A nan Gedambaliya aka fara noman dawa da tarakta a Sudan a tsakiyar shekarun 1940, daga nan gonakin dawa da riɗi suka yi ta cin daji kudu da gabas. Ba ma zargin noma, da shi muke ci, da shi Gadarif ke ciyar da ƙasa. Amma sakamakonsa shi ne makiyayi da naman daji duk an matse su wuri ɗaya. Dindir, wanda aka keɓe tun 1935 kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 10,000, shi ya rage, kuma raƙuman dawa sun riga sun ƙare a cikinsa. Keɓe fili don maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a Musulunci, Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Makiyayin da zaki ya kashe masa saniya yana da hakki a saurare shi, kuma Imamu Malik ya sanya zaki da damisa masu far wa mutane cikin abin da aka halatta kashewa. Amma zuba guba a mushe wani abu ne dabam, don yana kashe garke duka har da kuraye da ungulaye da karnukan makiyayan.

Wanda ya ci karo da ɗan zaki ko na damisa a daji, ya bar shi inda yake ya yi nisa, galibi uwar farauta ta tafi kuma tana kusa. Wanda aka yi wa tallarsa kada ya saya ko da don tausayi ne, kuɗinsa ne zai sa a koma a ɗauko wani. A sanar da 'yan sandan kare namun daji, kuma kafin su zo kada a bar yara su yi ta wasa da shi, don kwanakin nan na farko su ke yanke ko zai iya komawa daji ko keji ne makomarsa.