Danja: wa'azin da ake gani da ido

Mai bin hanyar da ta fita daga Maraɗi zuwa kudu, in ya shiga ƙasar Jiratawa, zai iske asibitin Danja. Mishan ɗin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924 kafin ta kafa zango a Tsibiri, ita ce ta buɗe shi a 1956 domin masu ciwon kuturta, mutanen da a wancan zamani ko dangi kan guje musu.

Kowace ikilisiya tana da manufa: ƙaunar maƙwabci da hidima ga mai rauni. Faɗarta ran Lahadi ba wuya, aikata ta ran Litinin shi ne magana. A Danja manufar ta zama magani da gado, kuma mafi yawan masu jinya Musulmi ne. A 2012 aka ƙara cibiyar aikin yoyon fitsari domin mata. A gonakin Maraɗi kuwa, tun 1983 Tony Rinaudo na SIM ya koya wa manoma renon tohon kututture, abin da ake kira sassaben zamani.

Sai dai yawancin waɗannan ayyuka da kuɗin waje aka kafa su. Ikilisiyar EERN, wadda ta tsaya da ƙafafunta a farkon shekarun 1960, mabiyanta galibi manoma ne da ƙananan ma'aikata. Zakkarsu da baikonsu ke ciyar da fasto da gyara rufin majami'a. Kowane aikin da dattawa suka tsara, sai sun fara tambayar wa zai ɗauki nauyinsa, domin mai kwana da tabarmar aro bai san ranar da za a naɗe ta ba.