Ruwa a ɗakin direba, tsatsa a gindin mota

A ƙasar Arewa, motar bashe, wadda wasu ke kira a-kori-kura, dukiyar gari ce baki ɗaya. Ita ke kwaso gero da wake daga Matankari da Ɗan Kasari. Ita ke ɗaukar dankalin lambunan Dogon Dutsi. Ita ke haɗa kasuwannin Tibiri, Gesheme da Kore Mai Ruwa. In haihuwa ta yi gardama cikin dare, ita ce ke kai mace asibiti. Don haka lafiyar wannan mota ta shafi kowa.

Wata damina, ina rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci, na shiga gaban wata bashe. Hadari ya sauko, sai na ji ruwa na ɗiga bisa ƙafata. Direba ya yi dariya, ya ce ai kullum haka take yi. Da muka tsaya na roƙe shi ya ɗaga shimfiɗar roba da ke ƙasa. Ƙarfen ya yi jawur, har akwai rami inda ake hango ƙasa.

Ta ina ruwa ke shiga?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zafin bazara yana busar da robar da ke kewaye da ƙofa da gilashin gaba. Robar ta tsage, ta daina riƙe ruwa. Wannan ita ce hanya ta farko.

Hanya ta biyu ita ce magudana. A gindin gilashin gaba akwai wani ɗan kwari inda ruwan sama ke taruwa, ya bi ƙananan ramuka ya zuba ƙasa. A ƙasan kowace ƙofa ma akwai irin waɗannan ramuka. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayi da ganye suna toshe su. In sun toshe, ruwa ya rasa mafita, sai ya koma ciki.

Hanya ta uku daga ƙasa take. A daɓen mota akwai ramuka da aka toshe da roba tun daga masana'anta. In murfin ya faɗi, duk sa'ad da aka ratsa korama ko laka a fadamar Dallol Mawri, ruwa zai shigo.

Me ke kawo tsatsa?

Abu uku ne in sun haɗu: ƙarfe, ruwa da iska. Fenti shi ne rigar ƙarfe. In ya kankare, ruwa ya kwana a wurin, tsatsa ta kama. Shimfiɗar ƙasa tana ɓoye laima kwana da kwanaki, musamman lokacin marka, cikin watan Agusta. Gishiri, takin zamani da fitsarin dabbobi suna ƙara wa tsatsa sauri. Ga shi kuwa su ne kayan da motocinmu ke ɗauka.

Haɗarin da ke ciki

In daɓe ya huje, hayaƙin inji yana iya shigowa ɗakin direba. A cikin hayaƙin akwai wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana sa ciwon kai, jiri da barci, tana iya kisa. Direban da barci ya sace bisa babbar hanyar Doso zuwa Ƙonni, ba ransa kaɗai ke cikin haɗari ba. Tsatsa kuma tana cin bututun man birki da ke bi ta ƙarƙashin mota. Laima tana lalata wayoyin wuta, tana kawo fumfuna mai tayar wa masu asma da ciwo.

Abin da za a yi

1. Kafin ruwan farko, a nemi mutum biyu. Ɗaya ya zauna ciki, a rufe ƙofa. Ɗaya ya riƙa zuba ruwa da buta sannu sannu, ya fara daga ƙasa yana hawa sama. Na ciki zai ga inda ya fara ɗiga.

2. A buɗe magudanan da suka toshe da siririn tsinke.

3. Robar da ta tsage a sake ta. Cusa tsumma ba magani ba ne, domin tsumma ruwa yake sha ya riƙe.

4. Bayan kowane ruwa, a fid da shimfiɗa a shanya. A buɗe ƙofofi rana da iska su shiga.

5. In an ga jan tabo, a goge shi da burushin ƙarfe har ƙarfe ya yi fari. A shafa fenti mai hana tsatsa, ya bushe, sannan a shafa na sama. Fenti bisa tsatsa asarar kuɗi ce.

6. In ya riga ya huje, sai mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabon ƙarfe.

7. Bayan ɗaukar taki, gishiri ko dabbobi, a wanke bayan mota da ƙarƙashinta, a bar ta ta bushe.

In kuwa da rani ne ake ganin laima a ƙasa, to ba ruwan sama ba ne. A kai wa makaniki ya duba bututun ruwan inji.

Ƴan uwa manoma, wanda ya karanta wannan ya karanta wa direban garinsu. Kuɗin roba da gwangwanin fenti kaɗan ne. Motar da ta kwanta tsakiyar damina kuwa, gari duka ta kwantar. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.