Hoton MRI na kwarmin ido: Me ya sa likita ke cewa sai an haɗa da allura?

Akasarin waɗanda ke zuwa sashen ido na Babban Asibitin Ringim, daga cikin gari ko daga ƙauyukan Taura da Garki da Ɓaɓura, matsalarsu a fili take: yana, amosani, hawan jinin ido, ko neman tabarau. Likita na haska fitila ya ga abin da ke faruwa. Amma akwai 'yan kaɗan da fitila ba ta isar musu, domin cutarsu tana ɓoye a bayan ƙwayar idon, cikin ramin ƙashin da ake kira kwarmi. Irin waɗannan ne ake turawa gaba, wasu Dutse, wasu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, har a kai ga rubuta musu takardar hoton MRI na kwarmin ido, tare da allura.

Takardar nan takan kwana biyu a aljihu. Ga tsada, ga tafiya, ga kuma tsoron allurar da ba a san ta mene ne ba. Sai dai cututtukan da ake nema da wannan hoton ba sa jiran a sayar da amfanin gona.

Abin da ke bayan ido

Kwarmin ido ƙaramin ɗaki ne na ƙashi, mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe kamar mazurari. A ciki akwai ƙwayar ido, da tsokoki shida masu juya ta, da kitse mai tallafe ta, da jijiyar gani wadda ke fita ta wata 'yar ƙofa a can ƙurya ta shiga ƙwaƙwalwa. Tun da bangon ƙashi ne, duk abin da ya tsiro a ciki ba shi da wurin zuwa, sai ya turo ido waje ko ya danne jijiyar. Shi ya sa alamun da ke sa likita neman hoton sukan kasance ido ɗaya ya fara fitowa, ko ganin abu bibbiyu, ko gani ya dushe cikin 'yan kwanaki tare da zafi idan an juya idon.

A wajen manya, abin da ya fi jawo fitowar ido shi ne cutar maƙoƙo mai kumbura tsokokin ido. A wajen yara kuwa ana fargabar ƙwayar cuta da ta tsallako daga kogon hanci, ko kuma ciwon daji.

Na'urar MRI ba ta amfani da hasken ekisire. Babban maganaɗisu ne da igiyar rediyo ke sa ruwan da ke jikin mutum ya ba da sigina, kwamfuta ta mayar da shi hoto. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun samu kyautar Nobel a 2003 kan wannan aiki. Hoton CT ya fi ta nuna ƙashi da karaya, amma idan nama ne da jijiya, MRI ce a gaba.

To ina amfanin allurar? Ruwan da ake sawa a jijiyar hannu yana ɗauke da sinadarin gadoliniyom, wanda aka fara amfani da shi a asibitoci a 1988. Yana bin jini ya taru a inda jini ya yi yawa ko inda ƙananan jijiyoyi ke yoyo, wato wurin ƙari ko kumburi, sai wurin ya haska a hoto. Akwai wata dabara kuma: kitsen kwarmi shi ma fari yake fitowa, don haka ma'aikacin na'ura yakan saita ta ta dushe hasken kitsen, abin da ya sha allura kaɗai ya rage yana walƙiya. Ana ɗaukar hoto kafin allura da bayanta a kwatanta. Wanda ya ce a yi masa mai sauƙin kuɗi, ba allura, alhali likita ya rubuta da ita, yana iya biyan kuɗin hoton da ba zai amsa tambayar likitan ba, a sake tura shi.

Farin da ba hakiya ba

Inda wannan hoton ya fi yanke hukunci shi ne a kan sankarar idon yara da likitoci ke kira retinobilastoma. Tana kama kusan jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, yawanci kafin shekara biyar. Alamarta ta farko ba ta da zafi: wani fari ne a tsakiyar baƙin ido, mai ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, wanda iyaye kan fara lura da shi a hoton waya idan an ɗauka da fitila. Wani yaron kuma harara-garke yake farawa. A gida akan ce hakiya ce, a shiga ɗiga magani, wani lokacin a ce kambun baka ne. Hakiya a saman ido take zaune, wannan farin kuwa daga can ciki yake haskowa.

Muddin ƙarin yana cikin ƙwayar ido, ana iya ceto ran yaron, wani lokaci har da idon. Hanyar da ya fi bi ya tsere ita ce jijiyar gani, daga nan sai ƙwaƙwalwa. Tambayar da likita ke son amsarta kafin ya taɓa yaron ita ce: ya shiga jijiyar ko bai shiga ba, kuma ya kai ina? Sikanin ido yana nuna ƙarin, amma ba ya bin jijiyar har ƙurya. MRI mai allura ce ke yin wannan, ta kuma leƙa tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda wasu yaran da suka gaji cutar kan samu wani ƙarin. Amsar ita ce ke raba tsakanin a cire ido nan take, ko a fara ba da maganin sankara ta jini tukuna. Ana kuma guje wa CT ga irin waɗannan yara idan da hali, domin haskensa yana ƙara wa masu gadon cutar haɗarin wata sankarar nan gaba.

Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2022, kan yara sama da 4,000 a ƙasashe 149, ya gano cewa a ƙasashe masu arziki sama da kashi 99 cikin 100 na yaran suna raye bayan shekara uku da gano cutar, amma a ƙasashe mafiya talauci kusan kashi 57 ne kawai. Cutar ɗaya ce. Babban bambancin shi ne matakin da take kai kafin a kawo yaro asibiti. Ranar da ido ya riga ya fito waje ya zama gyambo, hoton ba zaɓi yake buɗewa ba, yana nuna iyakar ɓarna ne kawai.

Kafin a shiga na'ura

Allurar ba ta da haɗari ga yawancin mutane. Wasu kan ji sanyi a hannu ko ɗan tashin zuciya, sinadarin kuma ya fita ta fitsari. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ne abin lura: tun 2006 aka gano cewa wasu nau'o'in gadoliniyom kan jawo wa irinsu wata cuta mai sandarar da fata, shi ya sa akan nemi gwajin ƙoda kafin ranar. Wanda zai taso daga Ringim gara ya tambaya ko zai yi gwajin a gida ya tafi da sakamakon, kada tafiya ta zama biyu. Mai juna biyu ta faɗa, domin ba a ba ta allurar sai dole. Mai shayarwa na iya ci gaba da ba da nono.

Maganaɗisun ya fi allurar haɗari ga wanda bai faɗi gaskiya ba. Mai walda, maƙeri, bakanike, duk wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, ko da shekara goma ce da ta wuce, wajibi ne ya sanar. Ƙarfen na iya motsawa ya yaga cikin ido, don haka akan fara yi masa ekisire ko CT. Haka mai na'urar bugun zuciya. Za a cire ɗan kunne, da fil ɗin ɗankwali, da duk layar da ke da ƙarfe.

Sai kwalli, abin da mutane ba sa kawowa a rai. Kwalli da wasu kayan kwalliyar ido suna ɗauke da sinadaran ƙarfe da ke iya ɓata hoton daidai wurin da ake son gani. A wanke fuska tas ranar, har ta jariri da kaka ta ranbaɗa wa.

Aikin kan ɗauki kamar minti 30 zuwa 45, a kwance cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa, ana toshe kunne. Ana so a rufe ido a bar shi wuri ɗaya, domin motsinsa kaɗan na dusar da hoton. Ƙaramin yaro ba zai iya ba, sai an sa shi barci da magani, wanda ke nufin za a hana shi abinci na wasu awoyi kafin lokacin. A tambayi adadin awoyin tun ranar karɓar lamba, a kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da na allura da na maganin barci, domin sau da yawa dabam ake lissafa su.

Idan an gama, a karɓi faifan hoton tare da rubutaccen rahoton likitan hoto, a kai wa likitan idon da ya rubuta takardar, a kuma adana su. Idan aka sake ɗaukar wani bayan an fara magani, da na farkon za a gwada shi a ga ko ƙarin ya ja baya.