Kunne da Jin Muryar Allah a Littafi Mai Tsarki

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa Littafi Mai Tsarki na mabiya addinin Kirista, mu ga matsayin da ya ba kunne, da irin jin da yake nema daga ɗan Adam. Sai a gyara zama.

Akwai wata doka a Littafin Fitowa, sura 21. Idan Ba'ibrane ya shiga bauta a hannun ɗan'uwansa, shekara 6 zai yi, a ta bakwai a sallame shi bai biya ko anini ba. To amma akan samu bawan da zai ce ba inda za shi, yana ƙaunar maigidansa, ga kuma matarsa da 'ya'yansa a gidan. Sai maigida ya kai shi bakin ƙofa, ya huda masa kunne da basilla. Daga ranar ya zama na gidan har abada. Da hannu bawa yake aiki, amma a kunne aka sa masa alama, domin muryar da mutum yake amsawa ita ke nuna ko shi na wane ne. Haka ma ranar da aka keɓe Haruna da 'ya'yansa ga aikin firist, Musa ya shafa musu jinin rago a fatar kunnen dama, sannan babban yatsan hannu, sannan na ƙafa. Kunne ne a gaba.

Ba abin mamaki ba ne, don yawancin mutanen wancan zamani da kunne suka san maganar Allah. Littafi naɗaɗɗe ne, rubutun hannu, ba kowa ke da shi ba. Littafin Nehemiya ya nuna Ezra tsaye a kan dakalin katako a dandalin Ƙofar Ruwa ta Urushalima, yana karanta Shari'a tun wayewar gari har tsakar rana, Lawiyawa suna bayani, jama'a suna kuka. Ko a nan ƙasarmu, bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai, a ƙauyuka da dama mai karatu ɗaya ne yake karanta wa taro.

Sai dai shigar magana kunne daban, zamanta a zuciya daban. Ku biyo ni fadar Sarki Yehoyakim na Yahuza, a Littafin Irmiya, sura 36.

Wata na tara ne, ana sanyi. Sarki yana zaune a ɗakinsa na hunturu, ga kaskon wuta a gabansa, fadawa suna tsaitsaye. An kawo littafin gargaɗin da Annabi Irmiya ya shifta wa magatakardansa Baruk, wani mai suna Yehudi ya fara karantawa. Sarki bai katse shi ba, bai ce a fita da shi ba. Da an karanta sashe uku ko huɗu, sai ya sa wuƙa ya yanke wurin, ya jefa a wuta, karatu ya ci gaba. Elnatan da Delaiya da Gemariya suka roƙe shi kada ya ƙone littafin, ya yi kunnen uwar shegu da su, har littafin ya cinye ƙurmus. Daga nan ya ba da umarni a kamo Irmiya da Baruk.

Abin da ya ƙara wa labarin nauyi shi ne, mahaifin wannan sarki, Yosiya, shi ma an taɓa karanta masa Littafin Shari'a da aka tsinta a Haikali. Da ya ji, sai ya yage tufafinsa don nadama, ya tara jama'a, ya rushe wuraren tsafi. Wanda ya karanta masa kuwa Shafan ne, mahaifin Gemariyan nan da ya roƙi Yehoyakim. Gida ɗaya, sarauta ɗaya: uba ya yage rigarsa, ɗa ya yage littafi. Irmiya ya sāke shifta maganar har da ƙari, ba a kuma cika shekara 20 ba sojojin Babila suka ƙone Urushalima.

Amma ni a ganina akwai wanda ya fi Yehoyakim zama abin tsoro ga mai zuwa majami'a, wato mai sauraron Annabi Ezekiyel. A sura 33, mutanen da aka kwashe zuwa Babila suna hirar annabin a gindin katanga da ƙofofin gidaje, suna gayyatar juna a je a ji shi. Suna zuwa, suna zama a gabansa cikin ladabi. Allah kuwa ya gaya masa cewa mawaƙi mai zaƙin murya suka ɗauke shi, su ji daɗi su watse, zuciyarsu tana can wajen riba. Wa bai san irin wannan ba? An tashi sujada ranar Lahadi, ana gaisawa a bakin ƙofa, wani ya ce, “Kai, yau fasto ya yi wa'azi!” Wa'azin a kan yafiya ne. Mutumin nan ya hau babur ɗinsa, ya wuce maƙwabcin da suke gaba da shi tun bara, ko kallo bai ishe shi ba.

Wannan ne ciwon da Yesu ya taɓo a misalin mai shuka, a Markus sura 4, yana zaune cikin jirgi a Tekun Galili, taro yana bakin gaɓa. Iri ɗaya ne ya faɗa a kan hanya, da kan dutse, da cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Irin shi ne maganar Allah, wuraren huɗu kuwa masu sauraro ne, dukansu sun ji maganar. Na kan dutse har da murna ya karɓe ta, wahala na zuwa ya janye. Na cikin ƙaya bai ƙi ta ba, hidimar duniya da son dukiya ne suka shaƙe ta. Ɗaya tak ya kai ga girbi.

Kada wani ya ɗauka maganar ta shafi kurame. Littafin Firistoci ya hana a zagi kurma, Yesu kuma da aka kawo masa kurma a yankin Dikafolis, gefe ya ja shi daga taro, ya sa yatsunsa a kunnuwansa, ya warkar da shi. Masu lafiyayyen kunne ne suka toshe shi da gangan a majalisa, suka ja Istifanas, mabiyin Yesu, bayan gari suka jejjefe shi.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta dame mu a wannan zamani da kowa ke cewa Allah ya yi masa magana: ta yaya ake gane muryar? Yaro Sama'ila yana kwance a ɗakin Ubangiji a Shilo, aka kira sunansa da dare. Sau uku yana rugawa wurin tsoho Eli, a zatonsa shi ne. Eli, wanda idanunsa sun dushe, shi ya gane mai kiran, ya koya wa yaron yadda zai amsa. Saƙon da Sama'ila ya karɓa ma ba na daɗi ba ne, hukunci ne a kan gidan Elin kansa. Mutanen Biriya kuwa, ko Manzo Bulus da ya yi musu wa'azi ba su haɗiye maganarsa haka nan ba. Kullum sai sun bincika Littattafai sun ga ko haka ne, Ayyukan Manzanni sura 17 kuma ya yabe su a kan haka.

Saboda haka, mai sauraro, wannan shirin ma kada ka karɓe shi don ya fito daga rediyo. Ɗauko littafinka ka buɗe Irmiya 36 da Ezekiyel 33, in kuma akwai tsoho ko tsohuwa a gidan da ido ya yi rauni, ka karanta musu da ƙarfi su ji. A nan za mu dasa aya. Mu kwana lafiya.