Dalilan da Ke Sa Farcen Ƙafa Ya Yi Fari



Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai cikin 1980, manoman wannan yanki suka sami abin yi rani da damina. Amma wanda ya yini ƙafarsa cikin ruwa da taɓo, lalle faratansa za su nuna. Sau da yawa sukan yi fari, kuma wannan fari ba iri ɗaya ba ne. Wani ba kome ba ne, wani yana bukatar magani, wani kuwa manzo ne daga cikin jiki.

Kafin mu rarrabe su, ya kamata mu san yadda farce ke tsiro. Daga gindi yake fitowa yana turawa gaba. Matan da ke ƙunshi sun san haka, domin suna ganin jan lalle yana matsawa baki, sabon farce yana biyo shi. Na ƙafa yana da nawa ƙwarai, bai kai milimita 2 a wata ba, saboda haka na babban yatsa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta.

Dalili na farko shi ne rauni. Tuntuɓe, ko sarar fartanya, ko matsattsen takalmi, yakan taɓa gindin farce, bayan makonni sai ɗigon fari ya bayyana, alhali mutum ya manta da buguwar. Alamarsa ita ce yana tafiya gaba kamar lallen nan har a yanke shi. Ba rashin abinci ke kawo shi ba, kuma ba ya bukatar magani. Haka nan idan farce ya ɗaga daga naman da ke ƙarƙashinsa, iska ta shiga, wurin yakan yi fari.

Na biyu shi ne ƙwayar cuta dangin wadda ke kawo makero. Tana son danshi da ɗumi, watau irin abin da takalmin roba ke tarawa. Takan fara da ruɓewar tsakanin yatsu, sa'an nan ta kama farce, ya yi fari kamar an barbaɗa alli, yana garewa in an kankara. Tana yaɗuwa ta almakashin masu yankan farce idan ba a tsabtace shi ba. Likita yakan kankari kaɗan a duba da madubin asibiti, in ta yi zurfi ya ba da ƙwayoyin sha na wajen mako 12. Rigakafinta shi ne busar da tsakanin yatsu bayan aiki da bayan alwala, da shanya takalmi a rana.

Na uku ya fi hatsari. A 1954 wani likitan Ingila, Richard Terry, ya bayyana cewa masu tsohon ciwon hanta faratansu sukan yi fari kusan duka, sai ɗan ja a baki. Masu ciwon ƙoda kuwa, rabin gindi fari, rabin baki ja-ja. Wannan fari a naman ƙarƙashi yake, shi ya sa ba ya matsawa gaba, kuma yakan kama faratan hannu da na ƙafa gaba ɗaya.

To, jama'a, ga tambayoyi uku ga mai duba ƙafarsa. Farin yana tafiya? Yana garewa? Farce ɗaya ne ko duka? In duka ne, balle da kumburin ƙafa ko kasala, kada a tsaya shafe-shafe, a nufi asibiti. Mai ciwon sukari kuwa kada ya jira kome, gama ƙaramin miki a yatsa yana iya kai shi ga rasa ƙafa.