Motar da aka tsinta ƙarƙashin tsofaffin mujallu, aka sayar da ita yuro miliyan 16

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau labarin mota ɗaya tak na kawo muku. Ranar 6 ga Fabrairu 2015, a birnin Paris, aka yi gwanjon wata tsohuwar Ferrari, ƙura a jikinta, fentinta ya dushe, kujerunta sun tsufa. Motar da in aka ajiye ta a gaban dillalin unguwarmu zai ce a fara kai ta wanki tukuna kafin a yi maganar kuɗi. An sayar da ita yuro miliyan 16 da dubu ɗari uku, wato kusan dala miliyan 18 da rabi a canjin wancan lokacin. Ku lissafa da kanku a naira ko sefa, ni dai na bar wa masu ƙarfin zuciya.

Tambayar da nake so mu bi ita ce: me mutumin nan ya saya? Don ba gudu ya saya ba. Motocin yau da ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin nan ba za su bar ta a baya.

Bari mu fara da motar kanta. Sunanta Ferrari 250 GT California Spider, ƙirar 1961, lambar shasinta 2935GT. Ku riƙe lambar nan, za mu dawo kanta. Wannan 250 ɗin ba gudunta ba ne, girman silinda ɗaya ne. Injin yana da silinda 12, kowace tana da sisi 250, in ka haɗa ya ba ka kusan lita 3. GT kuma na nufin motar doguwar tafiya, wadda za ka yi gudu da ita a titi cikin jin daɗi, in ta kama kuma ka shiga tsere da ita ranar Lahadi. Spider na nufin ba ta da rufin ƙarfe, buɗaɗɗiya ce. Sunan California ya zo ne saboda dillalan Ferrari biyu na Amurka, John von Neumann da Luigi Chinetti, su suka nemi kamfanin ya yi musu buɗaɗɗiyar mota da masu kuɗin can za su so. A masana'antar Scaglietti da ke Modena a Italiya aka ƙera bodinta, da hannu, da guduma.

Duka-duka irin wannan mota ɗari da 'yan kai aka yi. An fara da mai tsawo, daga baya aka rage tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya daga mita 2.6 zuwa 2.4, aka saka birkin faifai. Wannan gajerar ita ce aka fi nema. A cikin gajerun ma, guda 37 ne kawai suka fito da murfin gilashi a kan fitilun gaba. Tamu na cikin 37 ɗin nan.

To yanzu hannuwan da ta bi. An nuna ta a bajekolin motoci na Paris a 1961. Wanda ya fara sayenta ɗan fim ne na Faransa, Gérard Blain. Daga hannunsa ta koma hannun abokin sana'arsa Alain Delon, wanda a shekarun nan kusan babu ɗan fim ɗin da ya kai shi suna a Faransa. Delon ya yi mata rajista a Monako, ya riƙe ta daga 1963 zuwa 1965. A lokacin ne aka ɗauke shi hoto a cikinta tare da Jane Fonda, suna aikin fim ɗin Les Félins. Akwai wani hoton kuma da Shirley MacLaine. Bayan shi ta bi wasu hannuwa, har 1971 da wani mutum mai suna Jacques Baillon ya saye ta. Daga nan ba ta sake barin gidansu ba sai bayan shekara 43.

Su waye Baillon? Mahaifin Jacques, Roger Baillon, ɗan kasuwa ne mai kamfanin manyan motocin dakon kaya a yammacin Faransa, kusa da garin Niort. Tun shekarun 1950 ya fara sayen tsofaffin motoci, wasu daga hannun masu shirin daddatsa su, da burin buɗe gidan tarihin motoci a filin gidansa. A ƙarshen shekarun 1970 kasuwancin ya karye. Aka sayar da motoci masu yawa don biyan bashi, gidan tarihi bai yiwu ba. Sauran aka bar su a ƙarƙashin rumfunan kwano, ruwan sama na bugun wasu, ciyawa na hawa kan wasu. Roger ya rasu, Jacques ma ya rasu a 2013, magada suka kira kamfanin gwanjo na Artcurial ya zo ya duba abin da aka bar musu.

Mutum biyu suka je a 2014, Matthieu Lamoure da Pierre Novikoff. Suka tarar da motoci kusan 60. Lamoure ya kwatanta abin da buɗe kabarin Tutankhamun a Masar. To, ɗan gwanjo ne, dole ya zuga kayansa, amma in ka ga hotunan ba za ka ce ya yi ƙarya ba. Yawancin motocin tsatsa ta ci su. Ita Ferrari ta yi sa'a, don ba a rumfa aka bar ta ba, a cikin rufaffen gareji take, kusa da wata Maserati A6G ta 1956, an jibga mata tsofaffin mujallun motoci a kai kamar teburin shago.

Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don nan ne maganar take.

Mota in ta daɗe a ajiye lalacewa take yi, ba hutawa ba. Fetur ɗin da ke tanki yana zama ƙaro ya toshe kafireto, ita kuma wannan kafireto uku gare ta. Man birki yana shan danshi, cikin birkin ya yi tsatsa. Tiyo da duk wani abin roba ya bushe ya tsage. Zoben fistin kan manne. Taya takan mutu ko da zanenta bai goge ba. Wanda ya taɓa barin babur wata shida a zaure ya san ɗan ƙaramin wannan. Saboda haka kada wani ya ɗauka an tayar da ita an fice daga garejin a guje.

Amma duk waɗannan abubuwa ne da kuɗi ke gyarawa. Abin da kuɗi ba ya dawowa da shi shi ne asali. Kuma shi wannan motar ke da shi. Lambar injinta ta yi daidai da ta shasinta, wato injin da ta fito da shi daga Maranello shi ne a cikinta. Ba a taɓa wargaza ta an sake haɗa ta daga tushe ba. In kana son ka ga yadda ma'aikatan Scaglietti suka lanƙwasa ƙarfe a 1961, ga shi nan a gabanka, ba aikin wani mai gyaran bodi na 1990 ba.

Mu ma fa mun san wannan, a namu matakin. In za ka sayi mota 'yar Kwatano, tambayoyin farko su ne: fentin kamfani ne? An taɓa buɗe inji? Takardun kwastan na nan? Hannu nawa ta bi? Motar da aka feshe da sabon fenti tana ƙyalli tsoro take ba mai saye, don bai san me aka rufe ba. To irin tunanin nan ne, sai dai a can an ƙara masa sifili da yawa.

Kuma akwai dalilin tsoron. Tunda kuɗin waɗannan motocin ya haura, sai aka samu masu sayen wata Ferrari ta zamanin da ba ta kai wannan tsada ba, kamar 250 GTE mai kujera huɗu, su cire bodinta, su rage tsawon shasin, su ɗora mata bodin California. Injin na Ferrari ne, tambarin na Ferrari ne, amma motar ba ita ba ce. Waɗanda suka kalli fim ɗin Ferris Bueller's Day Off na 1986, jar motar nan da ta faɗa rami ta baya, kwaikwayon wannan ƙirar ce, ba ta gaske aka lalata ba. Shi ya sa masu bin diddigi ke ajiye tarihin kowace lambar shasi: wa ya saya, a wace shekara, wane launi, ta yi haɗari ko ba ta yi ba. A 2006 kamfanin Ferrari da kansa ya buɗe sashe mai suna Classiche, wanda ke gwada mota da takardun ƙirarta na asali kafin ya ba da shaida. Duk shekarar da ba a san inda mota take ba, giɓi ne, kuma giɓi yana rage kuɗi. Ita 2935GT, mafi tsawon rayuwarta a gida ɗaya ta yi shi, a hannun iyali ɗaya.

Sai batun sunan Delon. Ko shakka babu ya taimaka, don hotonsa da Jane Fonda aka yi ta yaɗawa kafin gwanjon. Shi kansa abin bai yi masa daɗi ba. Ya fito ya ce ana amfani da sunansa ana ɗaga kuɗin motar ba da yardarsa ba, alhali shekara biyu kawai ya yi da ita. Ni a ganina yana da gaskiya. Mutumin da ya riƙe ta sama da shekara 40, ya hana ta ruwa da rana ko bayan arzikin gidansu ya karye, ba a cika ambaton sa ba. Kowa "motar Delon" yake cewa.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa: ita kanta ƙurar an mayar da ita haja. Da aka kawo motocin bajekolin Rétromobile, ba a wanke su ba. An jera su yadda aka same su, mutane suka yi ta layi suna kallo. Artcurial ya yi hasashen Ferrari ɗin za ta kawo tsakanin yuro miliyan 9 da rabi zuwa 12, sai ta wuce 16. Maserati ɗin da ke kusa da ita ta kawo kusan miliyan 2. Tarin Baillon gaba ɗaya ya tashi a kan miliyan 25 da 'yan kai, wato mota ɗaya ta kawo kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin. Don ku ga yadda farashin ya tashi: a 2008 an sayar da irinta, wadda ɗan fim ɗin Amurka James Coburn ya taɓa mallaka, a kan kusan yuro miliyan 7, kuma a lokacin ba a taɓa sayar da mota a gwanjo da tsadar haka ba.

Wanda duk ya sayi irin wannan mota, akwai shawara mai wuya a gabansa. In ya kai ta aka kankare ta har ƙarfe, aka sake fenti da fatar kujeru, za ta yi kyau kamar sabuwa, amma ya goge ainihin abin da ya biya kuɗi a kai, kuma ba ya dawowa. In ya bar ta da ƙurarta bai taɓa komai ba, ya sayi gunki ke nan, kuma lalacewar cikin injin za ta ci gaba. Hanyar tsakiya ita ce a gyara inji da birki da layin mai har ta yi tafiya lafiya, duk abin da aka cire a adana shi da lambarsa, a bar bodi da kujeru da tsufansu. Manyan gasannin tsofaffin motoci, irin na Pebble Beach a Amurka, suna da rukuni na musamman domin motocin da aka bari a haka.

Da ni ne, ta tsakiyar zan bi, kuma sai na tuƙa ta, ko da sau ɗaya ne a wata da sassafe kafin titi ya cika. Ku fa? Ku faɗa min a ƙasa: a sabunta ta ko a bar ta yadda take? Sai mun haɗu a shiri na gaba.