Adon bango: Abin da Italiya ta adana, mu muka bari ruwa ya cinye

Duk wanda ya bi hanya daga Maraɗi zuwa Sae Sabuwa zai ga siminti da kwano sun ci kasuwa. Zaurukan ƙasa masu ado a goshi, waɗanda dā ke shaida arzikin maigida tun daga nesa, sai ɗai-ɗai.

Attajiran Italiya ma sun yi wannan yayi. Wajen 1512 wani hamshaƙin mai banki, Agostino Chigi, ya sa Rafayel ya zana masa Galatiya, wata aljanar teku ta tatsuniyoyin Girkawa, a bangon gidansa na Roma. Irin wannan aiki ba a faɗa masa da ka. Ana shafa farar ƙasa, a zuba launi tun tana ɗanya, ta bushe tare da shi. Kuskure ba ya gyaruwa sai an kankare. Don haka mai zane yakan fara fitar da siffa a takarda, ya huda layukan da allura, ya kara ta a bango, ya buga garin gawayi. Magabatansu kuwa da jar ƙasa suke zana somin-taɓi a jikin yaɓen farko. A 1944 wutar yaƙi ta lalata hotunan maƙabartar Pisa. Da aka ɓamɓare su don gyara, sai ga zanen farko kwance a ƙarƙashi. An buɗe masa gidan tarihi a 1979.

Maginin Hausa fa? Takardarsa tana cikin kansa. Da hannu yake tayar da dagi a ɗanyen yaɓe, ya bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don kare shi daga ruwa. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya nuna iyakar wannan basira, kuma Birnin Damagaram na da nasa gwanaye. Wannan abin alfahari ne, amma nan raunin yake: bango in ya faɗi, ya tafi da zanensa. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi, gini da adonsa baki ɗaya.

A ganina, aikin ba mai tsada ba ne. Hukumomin gundumomin Gidan Runji, Agye da Gazawa su sa malaman makaranta su kwafe adon da ya saura, su rubuta sunan magini da na mai gida kafin damina ta sauka. Alhazanmu kuma, in za su yi sabon gini, su bar wa magini goshin zaure.